Darasin "zama da mutane" a firamare: gyara ne ko tatsar iyaye?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce da ni, malaman da ke gidan nan su taimaka don Allah. A taron iyaye da malamai na makarantar yarana, firamare ce ta kuɗi, shugabar makarantar ta ce daga zango mai zuwa za su ware darasi ɗaya a mako na koya wa yara zama da mutane: yadda yaro zai danne fushi, yadda zai ba da haƙuri, yadda zai ƙi bin abokai in sun ja shi ga abin banza, yadda zai buɗe baki ya faɗi abin da ke damunsa. Wai hakan yana rage shaye-shaye da ciwon damuwa idan sun girma. Kuma ba kyauta ba, za a ɗora wani abu a kan kuɗin makaranta. Ashe wannan ba aikinmu ba ne a gida? Akwai inda aka taɓa gwadawa aka ga amfaninsa?

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Tatsa ce Hajiya, ba komai ba. Bara kuɗin kwamfuta, bana kuɗin danne fushi. Mu wa ya zaunar da mu a aji ya koya mana ba da haƙuri? Ka yi rashin kunya a layi maƙwabci ya zane ka, ka dawo gida a ƙara maka. Ga mu nan mun zama mutane.

Gimbiyar_Zazzau:
Baban Khalifa, wane maƙwabcin? Yau ka taɓa ɗan wani sai ka kwana a caji ofis. Da can ɗa na kowa ne, yanzu kowa ya ja katanga ya kafa ƙyaure. Dandalin da muke gaɗa, maza suna langa, an yanka shi filaye an sayar. A can ne yaro yake koyon jiran layinsa ya zo, a cinye shi ya haƙura, a yi faɗa a shirya kafin a watse. Yarana daga boko sai Islamiyya sai waya. A ina za su koya?

Malam_Aji_Uku:
Ni malamin firamaren gwamnati ne. Maman Ilham, kafin ki biya ko ki ƙi, tambayi shugabar abu ɗaya: ta yaya za a koyar da shi? Don irin wannan darasin muna da shi tuni a manhaja, yana cikin ilimin zamantakewa da na zama ɗan ƙasa nagari. Malam ya rubuta a allo, "Amfanin haƙuri guda biyar." Yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Ana tashi tara, wanda ya ci goma bisa goma shi ne zai fara kai wa wani naushi a kan awarar naira hamsin. In irin wannan za su yi miki, riƙe kuɗinki.

DanFagge:
Awarar naira hamsin? Malam a wace ƙasa kake koyarwa? 😂

Malama_Kwaleji:
Wa alaikumus salam. Ina koyar da sanin halayyar yara a kwalejin ilimi, bari in amsa tambayar Maman Ilham ta ƙarshe, wato ko an taɓa gwadawa. An gwada, kuma wanda ya fi burge ni ba ma darasi ba ne.

A 1969, wata malamar aji huɗu a jihar Kansas ta Amurka, Muriel Saunders, ajinta ya gagare ta. Ita da masu bincike biyu, Harriet Barrish da Montrose Wolf, suka fito da wani wasa da ake kira Good Behavior Game, wato wasan kyakkyawan hali. Ga yadda ake yin sa. Malami ya raba aji rukuni biyu ko uku, ya gauraya masu ƙiriniya da masu sanyi a kowane rukuni. A kafa dokoki kaɗan a bango: ba tashi daga wurin zama sai da izini, ba surutu lokacin aiki, ba tsokanar na kusa. Sai ya ce an fara wasa, a ci gaba da lissafi ko karatun da ake yi. Duk wanda ya karya doka, malami ba ya tsawa, ba ya ɗaukar bulala, sai ya ja layi ɗaya a allo a gaban sunan rukuninsu, ya ci gaba da darasinsa. Rukunin da layukansa ba su wuce huɗu ba ya ci. Duk rukunan ma suna iya ci a tare. Ana farawa da minti goma, sau uku a mako, a riƙa ƙarawa.

A 1985 Sheppard Kellam na jami'ar Johns Hopkins ya gwada shi a birnin Baltimore, ajujuwa 41 a makarantu 19, 'yan aji ɗaya da aji biyu. Ƙuri'a aka jefa wajen zaɓen ajin da zai yi wasan da wanda ba zai yi ba. Sai aka bi sawun yaran har suka kai shekara 19 zuwa 21. Cikin mazan da suka yi wasan, kashi 19 cikin 100 ne suka faɗa matsalar ƙwaya, waɗanda ba su yi ba kuwa kashi 38. A cikin yaran da tun aji ɗaya aka san su da faɗa da rashin ji, tazarar ta fi haka nesa: kashi 29 da kashi 83. An kuma ga raguwar shan taba da tunanin kashe kai.

Ku lura, babu wanda ya yi wa ɗan shekara shida wa'azin ƙwaya. Abin da ya koya shi ne ya riƙe kansa na minti goma saboda 'yan rukuninsa suna kallonsa. Yaron da ya iya zama a aji malami ba ya tsanarsa, yara ba sa gudunsa, ba ya faɗuwa jarrabawa har ya bar makaranta ya koma majalisar waɗanda su kaɗai ke karɓarsa.

DanFagge:
Malama, wannan fa Amurka ce. Ajin da malami ya san sunan kowane yaro. Ki zo ki ga aji a unguwarmu, yara a ƙasa har bakin allo, malami ba shi da wurin taka ƙafa. Rukuni nawa za a raba?

Malama_Kwaleji:
@DanFagge gaskiyarka, kuma ba sai an zo unguwarku ba. An kai wasan nan Ingila, aka gwada a makarantun firamare 77, ba a ga wani canjin kirki a halin yara ko karatunsu ba, malamai da dama ma suka ajiye shi a hanya. A Baltimore ɗin kanta, da malaman suka karɓi yaran shekara ta biyu aka rage musu horo da bibiya, sai amfanin ya ragu. Abin yana hannun malami ne, ba a takarda yake ba.

Baban_Khalifa:
To kun ji. Masu abin ma bai yi musu ba.

Malam_Aji_Uku:
Alhaji kar ka yi saurin rufe littafi. Ni ina yin wani abu makamancin wannan, ban ma san yana da suna ba. Yarana sun haura tamanin. Layi-layi nake raba su, kowane layi ya zaɓi sunansa, akwai Zakuna, akwai Taurari. Abu na farko da ya canza shi ne na daina sa monita rubuta sunayen masu surutu. Wannan rubuta suna ba ƙaramar gaba yake haddasawa ba, monita ya zama ɗan sanda, ana ba shi cin hancin rake da gyaɗa.

Amma akwai matsala. Ina da wani yaro da ya gane cewa in ya yi ihu duk layinsu ne zai faɗi, sai abin ya zama masa mulki. Yana sane zai miƙe ya yi kukan akuya, aji ya fashe da dariya, in ja layi. Rannan bayan an tashi 'yan layinsu suka tare shi a bayan aji suka lakaɗa masa duka. Ka ga na je gyara na jawo wata.

Malama_Kwaleji:
Malam, masu wasan sun san da irin wannan yaron. Abin da suke yi shi ne a cire shi a mai da shi rukuni shi kaɗai na ɗan lokaci, laifinsa a kansa, cinsa nasa. Ranar da ya ci kuwa a yaba masa a gaban kowa, sannan a mayar da shi cikin 'yan'uwansa.

Abu_Sumayya:
Bismillah. Ina karantarwa a Islamiyya, kuma ina ganin kamar muna neman abu a nesa alhali yana hannunmu. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mai ƙarfi ba shi ne mai ka da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi. A Abu Dawud kuma an ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Wannan ai dabara ce ta aikatawa, mataki bayan mataki. Sai dai maganar Malam Aji Uku ta taɓa mu mu ma. Yaro zai kawo maka haddar hadisin da ruwayarsa, amma ba mu taɓa tsayar da yara biyu da suka yi faɗa mu ce to ga lokacinsa ya zo, kai zauna, kai je ka yi alwala, ku dawo kowa ya faɗi nasa ba. Sai mu zane su duka biyun, mu kanmu a fusace.

Gimbiyar_Zazzau:
Allah ya saka da alheri Malam. "Mu kanmu a fusace" ɗin nan ita ce maganar.

Basakkwace:
Ku dai tahi da sannu. Duk wanga zance inda za shi shi ne a ce a aje bulala. Mu da dorina anka ladabtar da mu, kuma ba mu lalace ba. Ɗiyan yanzu in babu tsoro ba su jin magana.

Bakatsine77:
Ni ma an dake ni, ɗan'uwa, kuma ban lalace ba. Amma ka ƙirga 'yan ajinku da suka gudu daga makaranta saboda dukan, ka ga inda suke yau. Su ba sa cikin wannan zauren balle su ba da nasu labarin.

Malama_Kwaleji:
Tunda an ce Amurka ta yi nisa, ga na kusa. A Uganda wata ƙungiya mai suna Raising Voices ta yi aiki da firamare a gundumar Luwero. Makarantu 42 aka raba biyu da ƙuri'a, rabi suka bi tsarin na wata 18. Ba a tsaya ga cewa malami ya daina duka ba, an koya masa abin da zai yi a madadinsa, aka kafa kwamitin ɗalibai, aka sa yara cikin tsara dokokin aji. Sakamakon ya fito a 2015: a makarantun da ba a taɓa ba, kusan kashi 49 cikin 100 na yara sun ce wani ma'aikacin makaranta ya dake su a makon da ya wuce, a waɗanda suka bi tsarin kuwa kashi 31. Bulala ba ta ɓace ba, amma ta ragu sosai, kuma makarantun ba su watse ba.

Basakkwace:
Kashi 31 ai har yanzu ana bugu. Ashe su ma sun san ba a iya aje ta duka.

Umman_Biyu:
Ni tawa damuwar ba malamai ba ne, yara ne a junansu. Ɗana yana makarantar kwana, aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Ya dawo hutu ya rame, ga fitsarin kwance da ya rabu da shi tun yana ƙarami ya dawo. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura. Da ƙyar ya gaya wa yayarsa cewa siniyoyi ne ke ƙwace masa gari da suga, su sa shi wanki har dare, in ya yi gardama a sa shi kamun kunne a ƙarƙashin gado. Da na kai ƙara sai aka ce min ai haka kowa ya yi, shi ma zai zama siniya ya rama. Wannan wane darasin zama da mutane ne zai gyara?

Nas_Hauwa:
Subhanallah. Umman Biyu, kar ki jira wani shiri na makaranta, ki kai shi ya ga likita, kuma ki yi tunani sosai kafin ki mayar da shi wurin. Fitsarin kwance bayan an daina da yawan zabura alamu ne da ba a wasa da su.

Wannan ya sa nake son a bambance abu biyu. Shirin da Maman Ilham take tambaya rigakafi ne, na duk aji ne. Yaron da ciwon ya riga ya kama, magani yake buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, yawanci damuwa da fargaba da matsalar ɗabi'a. Mu kuma sai yaro ya fara fisge-fisge muke tunanin asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da muka daɗe muna aiki da ita ma ta 1958 ce, sai a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwa. Malamin da aka horar ko bai iya komai ba zai lura cewa yarinyar nan ta daina magana, ya kira uwarta.

Malama_Kwaleji:
Umman Biyu, Allah ya ba shi lafiya. A kan cin zali akwai shirin KiVa na ƙasar Finland, jami'ar Turku ce ta tsara shi, aka baza shi a makarantun ƙasar daga 2009. Su ba a kan mai cin zalin kaɗai suka tsaya ba, sun fi mai da hankali ga 'yan kallo. Mai cin zali girma yake nema a idon yara. In ya murɗe wa ƙarami kunne aka yi dariya, an biya shi. Sai ake koya wa sauran su daina dariyar, su je su zauna kusa da wanda aka zalunta, su kai magana ba tare da an kira su munafukai ba. Amma inda hukumar makaranta da kanta take cewa haka kowa ya yi, babu shirin da zai kama.

Bakatsine77:
Me zai hana a tattara marasa jin a aji ɗaya a ba su malami mai zafi, a bar sauran su yi karatu lafiya?

Malam_Aji_Uku:
A'a ɗan'uwa, kar ka soma. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wata makaranta da na taɓa koyarwa an yi haka, kafin ƙarshen zango wanda da surutu kawai ya iya ya koyi tsallake katanga. Kuma da zarar yaro ya ji an sa masa suna ɗan ajin marasa ji, to ya samu muƙami, sai ya kare shi.

Mushe_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. A Diffa, da rikicin Boko Haram ya koro mutane, ƙungiyar agaji ta IRC ta buɗe ajujuwan ƙarin karatu bayan an tashi lakwal, na yaran 'yan gudun hijira da na gari. Tsakanin darasi da darasi akan yi ɗan wasa na minti kaɗan, ko a sa yara su ja numfashi a hankali su sauke. Yaron da ya ga an ƙone garinsu ba ya jin "ku yi shiru" kamar sauran yara, ƙarar babur ma tana iya sa shi shiga ƙarƙashin tebur. Na ji an yi irin wannan a wajenku ma, a Adamawa da Yobe da Bauchi da Gombe. Abin da ke ba ni haushi shi ne sai bala'i ya sauka ake tunawa da wannan fannin, kuma ranar da kuɗin masu ba da agaji ya ƙare, shirin ya bi su.

DanFagge:
Mu koma kan shaye-shaye, don shi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Binciken da aka yi da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da laifuka, a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda. A shekarar ne ma aka hana kodin bayan rahoton BBC. An hana, yara suka koma wani abin. A makarantarmu ta sakandare abin da ake yi shi ne a kawo jami'i ya shimfiɗa ƙwayoyi a tebur yana nuna mana ɗaya bayan ɗaya. Wallahi wasu a ranar suka san sunayensu.

Nas_Hauwa:
😂 Allah ya shirye ka DanFagge, amma ba ƙarya ka yi ba. Tsoratarwa ita kaɗai ba ta cika aiki ba. Akwai wani shiri mai darasi 12 da ake kira Unplugged, daga Turai aka kawo shi, UNODC da ma'aikatar ilimi ta tarayya suka gwada shi a makarantun sakandaren Najeriya. Malamin makarantar ne ke koyarwa, yara suna kwaikwayon yadda aboki zai miƙo maka abu a bayan aji da yadda za ka ƙi ba tare da ka rasa abokin ba. Ana kuma gyara musu zaton da suke yi cewa kowa yana sha, don wannan zaton shi ke jan da yawa.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai 'yan'uwa, ban zaci abin zai yi nisa haka ba. Umman Biyu, Allah ya ba yaronmu lafiya. Malam Aji Uku, na kira shugabar na yi mata tambayarka. Ta ce wani ne za su ɗauko daga waje ya riƙa zuwa duk Laraba, kuma kowane yaro zai sayi littafin da zai riƙa cikewa. Malaman aji ba ruwansu.

Baban_Khalifa:
Littafi! Me na gaya muku tun farko?

Malama_Kwaleji:
Hajiya, a nan kam ina kusa da Baban Khalifa. A 2011 Joseph Durlak da abokan aikinsa sun tattara shirye-shirye 213 irin wannan, yara sama da 270,000. Sun ga amfani a hali da ma karatu, amma waɗanda suka fi aiki su ne masu sa yaro ya gwada abin da kansa, a jere, a kai a kai. Kuma makin yara bai tashi ba sai inda ma'aikatan makarantar ne suka gudanar da shirin. Baƙon Laraba ba ya nan ranar Alhamis da za a yi faɗa a kan fensir. Ku nemi a karkatar da kuɗin a horar da malaman aji, ku kuma roƙi a bar iyaye biyu su shiga su ga yadda ake yi.

Gimbiyar_Zazzau:
Ni kuwa da zan biya, ko na Larabar ne. Ko ba komai yaro ya ji wani babba ya tambaye shi me ke damunsa. A gidaje nawa ake wannan tambayar?

Abu_Sumayya:
Malam Aji Uku, zan gwada rabon layin nan a ajin hadda. Layin da ya ci me kake ba su? Ni ba ni da kuɗin alawa kullum.

Malam_Aji_Uku:
Allah ya gafarta Malam, wa ya ga alawa da albashinmu? Su ne ke fara fita tara, shugabansu ya riƙe min alli, ranar Juma'a kuma su zaɓi wasan da za a yi. Sai dai ka riƙa sauya 'yan layin duk bayan 'yan makonni, in ba haka ba layi ɗaya zai yi ta ci, sauran su ce ai Malam 'yan gabansa yake so.

Basakkwace:
Ku gwada mu gani. Ni dai tawa dorina tana nan bisa tebur.